Zauren Tambaya da Amsa: Da gaske ɗigo biyu na sinadarin zaiba zai iya kashe mutum?

Assalamu alaikum masu karatu. Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka faɗo, wato zaiba, wadda da yawanmu suka fi kira makuri, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. Shi yasa na tattaro su waje ɗaya, wasu na ɗan rage musu tsayi. Ta farkon zan fi daɗewa a kanta, dan in aka gane ta sauran za su zo da sauƙi.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne ina furojet ɗina a lab, muna amfani da wani farin gari wai shi makurik kulorayid wajen wanke iri kafin mu shuka shi a kwalba, toh shine wani abokina yake ce min wai akwai wata farfesa a Amurka da ɗigo biyu kawai ya zubo mata a kan safar hannu ta mutu, wallahi tun ranar hankalina bai kwanta ba dan nima safar roba nake sawa kuma akwai ranar da ruwan ya taɓa min yatsa na wanke ban ji komai ba. Dan Allah labarin gaskiya ne? kuma nima ina cikin haɗari? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Labarin gaskiya ne, amma sinadarin da ya kashe ta daban, naku daban, kuma kowanne da irin ɓarnarsa.

Sunanta Karen Wetterhahn, farfesa ce ta kimiyyar sinadarai a kwalejin Dartmouth da ke Amurka, kuma abin tausayin shine gubar ƙarafa ita ce fanninta, ba baƙuwa ba ce a harkar ko kaɗan. Ranar 14 ga Agusta 1996 tana ɗibar wani ruwa mai suna daimetil makuri da ɗan bututun gilashi sai ɗigo ɗaya ko biyu ya sauka a bayan hannunta a kan safar roba ta leteks. Duk abin da ƙa'ida ta ce a lokacin ta yi, ga safa ga tabarau, kuma a cikin akwatin nan mai zuƙe tururi take aikin. Ta gama ta gyara wurin ta cire safa ta tafi gida lafiyarta ƙalau. Sai bayan kamar wata uku ta fara rama da ɗan ciwon ciki, irin abin da ba wanda zai kawo guba a ransa. A watan Janairu 1997, wata biyar kenan da faruwar abin, tafiya ta fara gagararta tana tangaɗi, harshe ya yi nauyi, gani da ji suka fara raguwa. Da aka auna jininta aka samu maikurogiram 4,000 na zaiba a lita ɗaya, alhali na mai lafiya yawanci bai kai 10 ba. An yi mata duk maganin da ake da shi, ta shiga doguwar suma, ranar 8 ga Yuni 1997 ta rasu tana da shekara 48.

Bayan nan ne aka je aka gwada safar, aka ga ashe daimetil makuri yana ratsa leteks cikin sakan 15 ko ma ƙasa da haka, kamar ka zuba ruwa a rariya. Har gashin kanta aka auna, da yake gashi yana ajiye tarihin abin da ya bi jini yayin da yake tsirowa, aka ga zaibar ta fara hawa kwana 17 bayan ɗigon ta kai ƙololuwa a kwana na 39, wato tun tana zuwa aiki tana koyarwa tana dariya da mutane gubar ta riga ta gama zagaya jiki.

Wannan shine abin da nake so ka riƙe, kalmar da ka faɗa ta "ban ji komai ba" ba hujja ba ce a kan zaiba. Asid in ya taɓa ka za ka yi ihu ka ruga famfo, zafin ma taimako ne. Ita wannan ba ta yin haka. Dalili kuwa, in zaiba ta haɗu da kabon ta zama irin su daimetil makuri da metil makuri, tana narkewa a maiƙo, dan haka fata ba ta tare ta. In ta shiga jini sai ta liƙe wa wani sinadarin furotin mai suna sistin, su biyun in suka haɗu sai su yi kama da wani abincin da ƙwaƙwalwa take buƙata mai suna metiyonin, toh sai shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa ya buɗe mata hanya da kansa. Ta haka take ratsa mabiyiya ta kai ga jariri a ciki. Can ciki sai ta dinga ɗaure sinadaran da ke kare ƙwayoyin jijiya, suna mutuwa kaɗan kaɗan, jiki na ta rufa asiri har sai ɓarnar ta yi yawa, lokacin da alama za ta fito kuwa abin da ya mutu ya mutu.

Yanzu naku. Makurik kulorayid gishirin zaiba ne, farin gari mai narkewa a ruwa, ba ya ratsa safa irin yadda wancan yake yi, kuma ƙoda ya fi nufa ba ƙwaƙwalwa ba. Amma kar ka ce ashe da sauƙi. Giram 1 zuwa 4 ya isa ya kashe babban mutum in ya haɗiya, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Yana ƙona baki da maƙogwaro da hanji, mutum ya yi ta aman jini da gudawar jini, jini ya sauka, in ya tsallake wannan cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki fitsari ya tsaya ƙoda ta daina aiki sai an kai ga wankin ƙoda. A ido yana iya makantarwa. Fata ma tana shansa, musamman in akwai yanka ko in ya jima a kai, kuma wanda yake taɓa kaɗan kaɗan kullum yana iya wayar gari da rawar hannu, kumburin dasashi, yawan miyau, ɗanɗanon ƙarfe a baki, saurin fushi da rashin barci.

Ruwan da ake wanke iri da shi yawanci giram ɗaya ne a lita, dan haka ɗigo ɗaya a yatsa mara ciwo da ka wanke nan take, da wuya ya yi maka illa, kwantar da hankalinka. Amma ka faɗa wa malamin da ke duba aikinka, in kuma abin ya sha faruwa ka je a auna fitsarinka. Lokacin da ya fi haɗari a aikinku shine lokacin auna garin, ƙurarsa na tashi ba ka gani, toh a cikin akwati mai zuƙe tururi za a auna ba a kan tebur ba, fankar ɗaki a kashe. Ka sa safar naitiril, wata irin safar roba da ba leteks ba, ka ninka biyu in da hali, kuma da zarar abu ya ɗiga a kai cire ta za ka yi ka wanke hannu ka sa sabuwa, ba wai bari in ƙarasa ba. Tabarau, rigar lab mai dogon hannu, takalmi rufaffe. Kar ka taɓa zuƙar ruwan da baki ta bututu. Waya kuma, wannan na ga ɗalibai suna sakaci da ita sosai, mutum da safa a hannu zai ɗauki waya ya duba saƙo, anjima ya cire safar ya ɗauki wayar nan ya kara a kunne ya ci abinci da hannun. Cokalin da za ka ɗibi garin ya zama na roba ko gilashi, dan yana cin ƙarfe, musamman alminiyom. Kwalbar a rubuta mata suna a kulle ta a kabad.

In ya zuba a fata, ruwa da sabulu minti 15, a cire rigar da ya taɓa. In ido ne, ruwa mai gudu minti 15 a buɗe idon da yatsa sannan asibiti. In wani ya sha, kar a sa shi amai dan zai sake ƙona hanyar da ya bi, kar a tsaya neman madara ana ɓata lokaci, a ɗauke shi da kwalbar a tafi asibiti.

Sai ragowar ruwan. Dan girman Allah kar ya shiga sinki. A tara shi a jarka ta musamman mai murfi da rubutu, har da safar da takardar da aka goge, a miƙa wa masu kula da sharar guba ta makarantar. Dalilin da yasa na dage a nan shine, gishirin zaiba in ya kai ga laka a ƙasan ruwa akwai ƙwayoyin bakteriya da ke juya shi ya koma metil makuri, wato daga mai cin ƙoda ya koma mai cin ƙwaƙwalwa, sannan ya hau cikin kifi. Mutanen Minamata a Japan sun ga abin da metil makuri a cikin kifi yake yi. Kamfanin Chisso ya yi ta zubar da ruwan masana'anta mai ɗauke da shi a teku daga 1932 har 1968, kyanwoyin garin suka fara haukacewa suna juyi suna faɗawa ruwa, a 1956 aka fara kai rahoton cutar a mutane, uwa tana yawo da ɗan sauƙinta amma ta haifi yaro da ba zai taɓa tafiya ko magana ba. Zuwa 2001 mutum 2,265 gwamnati ta amince sun kamu, 1,784 daga ciki sun riga sun mutu. Irin da kuka wanke ma ba na ci ba ne ba kuma na ba kaji ba, a Iraƙi a ƙarshen 1971 an shigo da irin alkama da sha'ir da aka yi wa feshin metil makuri dan shuka, an rina shi ja, gargaɗin da ke jikin buhu kuma da yaren da manoman ba sa ji, mutane suka wanke launin suka niƙa suka yi burodi, sama da 6,500 aka kwantar, 459 suka mutu a asibiti kaɗai.

A ganina ma ka tambayi malaminka ko dole sai da shi. Lab da yawa sun koma wanke iri da ruwan bilic da aka sirka da kuma alkohol, aikin na yin kyau. Shi kuwa daimetil makuri in ka taɓa ganin kwalbarsa a wani tsohon sito, kar ka buɗe kar ka ɗaga, ka kira manya. Masu aiki da shi safa ta musamman mai hawa hawa na leda suke sawa a ciki sannan su ɗora wata mai kauri a kai, kuma tun bayan rasuwar farfesar shawarar da aka bayar ita ce a guje shi gaba ɗaya in akwai madadi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ƙanwata ce take shafa wani mai na ƙara haske kusan shekara guda, ba ko rubutun abin da ke ciki a jikin robar, yanzu ƙafarta na kumbura fitsarinta na kumfa ga mantuwa ga kuka ba dalili, kuma tana shayarwa. Wata nas ta ce mana wai wataƙila makuri ne a man. Ya za mu yi? Daga wata yaya.

AMSA: Yaya, Allah ya ba ta lafiya. Yau ɗin nan ta ajiye man, kuma ku kai ta asibiti da robar a hannu, da jaririn. Kumburin ƙafa da fitsari mai kumfa alama ce ta ƙoda tana zubar da furotin, abubuwa da yawa na kawo haka amma zaiba tana cikinsu, kuma zancen nas ɗin yana kan hanya. Ku faɗa wa likita zancen man da bakinku, dan mata da yawa suna ɓoyewa saboda kunya sai a yi ta maganin wani abu daban.

Abin da yasa ake zuba ta a man bilicin shine tana hana fata yin sinadarin da ke ba ta launi, tana aiki da sauri kuma tana da araha ga mai haɗawa. A da iyakar da aka yarda da ita a kayan shafa ita ce miligiram 1 a kilo ɗaya, amma an sha gwada mayuka a samu sun ninka haka sau dubbai. A 2023 ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata ta taƙaita amfani da zaiba a duniya, wadda ta fara aiki a 2017, suka zauna a Janeba suka cire ma iyakar, suka ce bayan 2025 ba a yarda a sa zaiba a kayan shafa ba ko kaɗan. Doka dai ta ce haka, kasuwa kuma sai mai saye ya buɗe ido. In kin ga an rubuta calomel, mercurous chloride, mercuric, mercurio ko Hg a jikin mai ko sabulu, ajiye shi. Wanda ba a rubuta komai ba kuwa ya fi ba ni tsoro. A 2019 wata mata a Kalifoniya ta Amurka ta shiga halin suma saboda man fuska da aka sayo a Meziko wanda aka zuba wa metil makuri.

Wani abin da mutane ba su sani ba, ba mai shafawa kaɗai yake kamawa ba. Yana bin tawul da zanin gado da matashin kai, yana tashi a iskar ɗaki, uwa ta shafa ta ɗauki yaro kumatu da kumatu, ga kuma nono. Shi yasa na ce a tafi da jaririn, har maigidan ma in likita ya ga dama a auna shi. Zancen ci gaba da shayarwa likita ne zai yanke bayan ya ga sakamako, kar ta yaye shi da kanta a firgice. Tawul da rigar matashin da suka sha man a ɗaure su a leda a fitar da su. Robar man kuma kar a ba wata, kar a ƙona.

Kuma ku lallaɓa ta. Kukan nan da mantuwar na iya zama aikin gubar ne ba halinta ba, faɗa ba zai ƙara komai ba. In aka daina da wuri ƙoda takan farfaɗo a hankali.

TAMBAYA: Salam, tamomita ce ta faɗi ta fashe a ɗakin yara na ga wasu ƙananan ƙwallaye kamar azurfa suna gangarawa, na sa tsintsiya na share na zuba a bola. Yarana biyu a ɗakin suke kwana. Akwai matsala? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya, tsintsiyar ce matsalar, amma abu ne mai gyaruwa. Ita zaiba zalla ko haɗiye ta yaro ya yi kusan duka fita take ta bayan gida, hanji ba ya shanta sosai. Tururinta ne mugun, ba launi ba wari, tana tashi a hankali ko ba a ɗora ta a wuta ba, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa yana shiga jini. Shara tana farfasa ta ta zama ƙanana masu yawa ta tura su cikin tsagar daɓe, tururin sai ya ƙaru. Injin shara mai zuƙa ya fi tsintsiya muni dan shi fesa ta yake a iska.

Ki fitar da yaran su kwana wani ɗakin, ki buɗe taga ki rufe ƙofar da ke shiga sauran gidan. Cire zobe da awarwaro dan tana liƙe wa zinari, ki sa safa. Ki kashe fitila ki kwantar da tocila a ƙasa tana haska daɓen ta gefe, za ki ga ragowar suna ƙyalli, har ƙarƙashin gado ki duba dan suna gudu da nisa. Da kwali biyu za ki tattaro su, manyan ki zuƙe da sirinji mara allura, ƙananan ki dangwale da salatif. In ana samun garin farar wuta a barbaɗa a tsagogin, yana kama ta. Duk ki zuba a kwalba mai murfi, ita da tsintsiyar da safar a ɗaure a leda biyu a ajiye waje inda yara ba sa kaiwa, ki tambayi asibiti ko hukumar muhalli inda ake karɓa. In a kan kafet ko katifa ta zuba, wurin yanke shi ake yi, ba ya wankuwa. Kar ki zuba a masai ko sinki, kar ki sa kayan da ta taɓa a injin wanki. Tagar ta kwana a buɗe aƙalla awa 24.

Tamomita ɗaya abin cikinta kaɗan ne, in aka kwashe da kyau yawanci shikenan. Amma ki sa ido, in yaro ya fara yawan rigima da gumi, tafin hannu da na ƙafa suka yi ja suna saɓa, ko ba ya son haske, ki kai shi ki ambaci zaibar. In kuma tsohon abin awon hawan jini ne ya fashe, wannan zaibarsa gomman giram ce, ba aikin mutum ɗaya a gida ba ne, a rufe ɗakin a kira ma'aikata. Tamomita mai jan ruwa ko shuɗi a ciki ba zaiba ba ce, alkohol ne. Ki sayi mai batir kawai ki huta.

TAMBAYA: Malam ni sana'ata haƙar zinari, da makuri muke kama shi sannan mu ƙona. Shekarata shida a ciki, yanzu in zan sha shayi kofin rawa yake a hannuna. Ina ɗaura ƙyalle a hanci in zan ƙona, bai isa ba? Daga wani mai neman halak.

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya sa albarka a nema, amma gaskiya zan faɗa maka, ƙyalle bai isa ba, takunkumin asibiti ma bai isa ba, ƙura suke tarewa ba tururi ba. Duk zaibar da ka ga ta ɓace daga dunƙulen nan in ya sha wuta ba ɓacewa ta yi ba, tana cikin iskar da kake tsugune a kai, wata ta shiga huhunka wata ta kwanta a rigarka da bango da rufi ta ci gaba da tashi bayan ka tafi. Rawar hannun nan tsohuwar alama ce, masu yin hular gashi a Turai da Amurka da suke aiki da gishirin zaiba haka suka yi ta fama da ita, daga yatsu take farawa ta kai fatar ido da leɓe, tare da jin kunyar mutane da saurin hasala da mantuwa. Ka je a auna fitsarinka, kuma ka dakata da ƙonawa da kanka har sakamako ya fito.

Ba zan ce ka bar sana'arka ba, miliyoyin mutane a ƙasashe sama da 70 da ita suke ci, kuma ita ce ta fi kowace harka sakin zaiba a iskar duniya, sama da kashi ɗaya cikin uku. Amma akwai abin da za ka iya canzawa gobe. Kar a ƙona a ɗaki, ko a madafa, ko kusa da yara da mai ciki, ko a tukunyar da za a dafa abinci. A nemi ritot, wato rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai bututu da ke bi ta ruwa, tururin ya huce ya koma zaiba ka sake amfani da ita, kaga lafiya ta samu kuɗin sayen wata ma ya ragu, sai dai a bar ta ta huce sarai kafin a buɗe. Kar a zuba zaiba cikin dukkan dutsen da ake niƙa, a fara wankewa a rage shi ya zama ɗan kaɗan tukuna, nan ne aka fi asararta. Kar a zuba sayanayid a kan ragowar ƙasar da ta riga ta sha zaiba, yana narkar da ita ta bi ruwa. Kayan aiki a bar su wurin aiki, a yi wanka kafin a ɗauki yaro. Akwai masu narkar da zinari da boraks ba zaiba sam, in dutsenku ya dace da hakan ka koya. Masu sayen zinari da ke sake ƙona shi a cikin shago su ma wannan maganar ta shafe su, har maƙwabtansu.

TAMBAYA: Ina da ciki wata huɗu, na ji ance kifi na da makuri, in daina ci ne? Kuma wai har allurar rigakafi akwai shi a ciki?

AMSA: 'Yar'uwa kar ki daina, kifi na taimaka wa ƙwaƙwalwar jariri. Manyan kifayen teku masu cin 'yan uwansu su ne za ki bari, irin su shak da kifi mai takobi da manyan tuna, dan duk zaibar ƙananan da suka cinye a jikinsu take taruwa tsawon shekaru. Ƙanana irin sardin, da salmon, sau biyu zuwa uku a sati ba laifi. Kifin ruwan da ke ƙasa da wurin haƙar zinari ko masana'anta shi ma ki yi hattara da shi, kuma dafuwa ko suya ba sa cire ta, a cikin tsokar take.

Rigakafi kuwa, wasu kwalabe masu ɗaukar allurar mutum da yawa ana sa musu ɗan tayomasal dan kar ƙwayoyin cuta su shiga. Etil makuri ne a cikinsa ba metil ba, bai wuce maikurogiram 25 a allura ɗaya ba, jiki na fitar da shi da sauri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba ta sake dubawa ba ta ga shaidar yana cutarwa ba. Ki karɓi allurarki, yaron ma in ya zo a yi masa.

TAMBAYA: Akwai wani shayi da ake talla wai yana wanke gubar ƙarfe daga jiki, zai yi wa wanda makuri ya shiga jikinsa?

AMSA: A'a Malam, kar ka ɓata kuɗinka da lokacin mara lafiya. Abu na farko a raba mutum da inda gubar take shigowa, sannan a auna. Fitsari ake aunawa in tururi ne ko gishirin zaiba, jini da gashi in metil makuri ne, dan haka ka faɗa wa likita ainihin abin da aka taɓa. Magungunan gaske suna nan, irin su DMSA da DMPS, suna kama zaibar su fita da ita ta fitsari, amma likita ne ke bayarwa yana duba ƙoda, dan suna kwashe har ƙarafan da jiki ke buƙata. Akwai ma wani tsoho mai suna BAL da ba a ba wanda ya sha metil makuri saboda yana iya ƙara tura ta ƙwaƙwalwa. Metil makuri da kansa sai ya yi kusan kwana 50 kafin rabinsa ya bar jini, dan haka ko an fara magani za a yi ta komawa awo na wasu watanni, a daure a dinga zuwa.